Alawar Nuala

Ana ta yaɗawa a ƙauyenmu wai ɗan kawuna, Fintan, ya suma a gidan wasan kwaikwayo a birnin Galway, sai da ƙarti shida suka ciccibo shi. Ƙarya ne, ina wurin! Gwiwoyinsa ne kawai suka yi ta kaɗawa har kujerunmu na girgiza.

Wasan na wata uwa ne da ta hana ɗanta aure har budurwarsa ta yi furfura. Ashe uwar Fintan, Nuala, wadda ba ta san da zancen budurwarsa Dervla ba, tana zaune a bayanmu da matan coci, tana ɓare alawa.

Da aka tafi hutun rabin wasa, Dervla da ke zaune kusa da Fintan ta dube shi, idonta ya ciko.

"Ba zan tsufa kamar waccan ba, Fintan. Ga mamarka nan a baya, juya ka faɗa mata, ko in tafi gida ni kaɗai."

Da ƙyar ya juya. "Mama... ga wadda zan aura."

Nuala ta daina tauna. Ta ƙare wa Dervla kallo, sannan ta miƙa mata alawa ɗaya.

Na ce, "Jarumi, ka duba wandonka kuwa?"

Ya ce, "Ni dai na juya. Kai shekara tara kana ɓoye taka budurwar a bayan coci."