Jan Furen Huwei

Yeh Kun-shan ya tura kujerar mahaifiyarsa gaban talabijin, ya ja labule don kada rana ta kashe hoton, sannan ya tsaya yana share gumi kamar mai jiran hukunci. Hukuncin kuwa yake jira. Shi da bakinsa ya rantse a gaban 'yan jarida cewa fim ɗinsa ba zai fita ba sai tsohuwa ta gani ta ce ta yarda. Ranar an tafa masa, kansa ya kumbura. Yau ya tuna cewa baki shi ke yanka wuya.

Fim ɗin labarinta ne: ɗalibar makarantar jinya mai goyo, wadda ke hawa motar furanni tana rawa da 'yar ficiciyar riga a jana'iza da bikin haikali, mamaci ya samu jama'a, ita kuma ta samu kuɗin karatu. Bai taɓa tambayarta ba. A gidansu na garin Huwei ba a tambaya, sai dai a ci shinkafa a yi shiru.

Amma yana yaro ya buɗe akwatin ƙarƙashin gado ya ga komai: gashin kanti har gadon baya, riga mai ƙyalli, wasu zabga-zabgan takalma masu tsini, da hoton wata mai rawa da ta rufe rabin fuska da mafici, an rubuta Jan Fure. Motar kuma a ƙofar gidansu take tsayawa, har yaran unguwa sun yi masa waƙa. Me ya rage? Mutumin da ya karanci fim a Taipei ai ba a ɓoye masa abu.

Mahaifinsa ya shigo yana dogara sanda, don gwiwoyinsa sun daɗe da lalacewa, ya zauna can baya da farantin gwaiba. Kun-shan bai gayyace shi ba, bai kuma kore shi ba. An ce a da yana cikin 'yan wasan haikali kafin ƙungiyarsu ta watse, amma shi bai san shi da wata sana'a ba sai barcin rana. In mota ta zo ya bi ta, ya dawo yana ƙamshin turaren mata, da janbaki a wuyan riga.

A fim ɗin Kun-shan ya rama. Ya mai da mijin malalaci, mashayi, mai bin mota yana leƙen cinyoyi, matarsa na zubar da mutuncinta don ta cika masa ciki. Ya nemo ɗan wasa mafi munin haƙora ya ba shi wannan matsayi, kuma sai da ya ji sanyi har ransa.

Fim ya fara. Tsohuwa ta gyara tabarau, ta zuba wa allon ido irin yadda ta saba duba majinyata.

Da aka zo rawar farko, sai murya daga baya:

"Kai, yarinyar nan ba ta iya ba. Da ƙugu ake juyawa, ba da kafaɗa ba. A haka sai ta faɗo daga mota."

"Ai Baba, kai ka fi kowa sani," in ji Kun-shan, bai ko waiwaya ba.

"Na sani mana." Ya ci gaba da taunar gwaibarsa.

Aka zo wurin da Kun-shan ya fi taƙama da shi: mai rawa a bayan labule, jariri a ƙirji, littafi a cinya, hawaye na wanke kwalli. Ya yi kuka ranar da ya rubuta, ya yi kuka ranar da aka ɗauka, yau ma ya yi. Da ya saci kallon ɗakin, shi kaɗai ke jan hanci. Mahaifiyarsa ma hamma take dannewa.

Sai mijin ya bayyana, yana tangaɗi, yana washe haƙoran nan, jama'a na yi masa eho. Tsohuwa ta ajiye kofin shayinta a hankali. Can baya ma tauna ta tsaya. A haka aka kalli sauran har sunaye suka fara hawa allo.

Kun-shan ya durƙusa a gabanta. Jawabin nan ya sha gwada shi a gaban madubi, har ya san inda muryarsa za ta yi rawa.

"Mama, na san abin da kika yi saboda ni. Ban taɓa jin kunyarki ba. So nake duniya ta sani."

Ta cire tabarau ta dube shi.

"A-Shan, ka taɓa ganin na yi rawa? Ko a bikin aurenka?"

Ya tuna. Ranar da aka ja ta filin rawa, sai da ta take ƙafar uban amarya. Shi kuwa ya fassara abin da cewa tsohon ciwo ne ya motsa, har ya ji tausayinta.

"Ni da ko tafi ba na iya haɗawa da kiɗa," ta ce. "Fim ɗin nan ba zai fita ba."

"Haba Mama! Saboda me?"

"Makaranta na je, kana goye a bayana. Iyakar abin da ka faɗa daidai ke nan."

Ta nuna bayan ɗaki da haɓa, inda tsohon ya miƙe da ƙyar, ya juya musu baya yana lalube a gefen kujera.

"Jan Fure kuwa, wadda ta biya mana kuɗin karatu ni da kai, ga ta can tana neman sandarta."