Mai Rabon Ruwa Da Ya Fara Daga Wutsiya

Zauna, Tanimu. A waje kai ne firaminista, a zauren nan kuwa ɗan ƙanwata ne kai. Na ji sharaɗin da 'yan majalisa suka gindaya maka: ko ka tashi gobe ka janye dokar da ta ba talaka magani kyauta a asibiti, ka faɗa da bakinka cewa kuskure ka yi, ko su kaɗa ƙuri'a su sauke ka. Ka zo mini kana neman shawara. Ni ban iya siyasarku ta takarda ba, noman rani na sani, don haka bari in buga maka misali.

A wata fadama an taɓa zaɓen wani manomi ya zama mai rabon ruwa. Aikinsa, ranar da aka sako ruwa daga madatsa, ya bi magudana da fartanyar da ake ba mai muƙamin, ya buɗe wa wannan lambu baki, ya toshe na wancan da curin laka. Tun kaka da kakanni daga kai ake farawa, wato farkon magudana, inda lambunan masu hannu da shuni suke. Sai sun sha har ya tumbatsa, sannan ragowar ta gangara wutsiya, can ƙarshen magudana, bayan la'asar, rabi ruwa rabi taɓo. Shi kuwa mutumin a wutsiyar ya tashi, yana kallon albasar ubansa tana kwantawa shekara bayan shekara. Mutanen wurin sun daɗe da sallamawa, suna cewa haka Allah ya yi ƙasar, ruwa ba ya kaiwa. Ranar farko da ya kama aiki sai ya toshe bakunan kai kaf, ruwa ya miƙe ya isa wutsiya da hantsi, daga nan ya riƙa buɗewa yana hawowa. Kafin magariba kowa ya sha, har manyan. Ko ɗigo ba su rasa ba. Jira kawai suka yi bayan talaka, jiran nan kuwa shi ya tsaya musu a wuya.

Da farko manyan lallashinsa suka yi, suka ce ga fili a kai, ya baro wahala ya dawo cikinsu. Ya yi godiya ya ƙi. Sai suka tara jama'a suka ce masa ya riƙe muƙaminsa, abu ɗaya kawai ake so, ya tsaya ya faɗa wa mutane cewa abin da suka gani dace ne, ba zai sake yiwuwa ba. Ya dube su ya ce, "Fartanyar taku ce, ga ta. Amma ni na ga ruwa a wutsiya, ba zan ce ban gani ba." Suka karɓe ta, suka ba nasu. Don ya zama darasi aka hana lambunsa ruwa, yana ji yana gani albasarsa ta ƙone ƙurmus, shekarar nan da ƙyar gidansa suka kai damina. Ya sha wuya, ba zan ɓoye maka ba. To amma manyan sun makara. Mutanen wutsiya sun riga sun gane ba ƙaddara ce ke tare musu ruwa ba, curin laka ne, kuma laka kowa na da hannun ɗibar ta. Duk ranar ruwa sai su fito maza da mata da fartanyoyinsu, sabon mai rabon ruwa ya buɗe kai, su bi bayansa su toshe. Aka canza wani, haka. Aka kai su gaban alƙali, suka dawo suka ci gaba. Mutumin bai sake riƙe muƙamin ba har ya koma ga Allah, amma har yau a fadamar nan daga wutsiya ake fara shayarwa.

Ka ga, da ya tsaya ya ce dace ne, da ya riƙe fartanyar, jama'a kuma su koma su naɗe hannu. Shi ya sa ba kujerarka suke nema ba, Tanimu, wannan ko da tsakar rana suna iya ɗaukewa. Bakinka suke so, don matar da ta kai ɗanta asibiti aka duba shi ba a kore ta ba ta ji daga wurinka cewa ba haƙƙinta ba ne. Wallahi in ka faɗa, kada ka ƙara tako mini zaure. Je ka, su sauke ka, su soke dokar in sun iya. Talaka ya riga ya gani da idonsa. Hausawa ai sun faɗa: sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho.