Likitan da Bai Je Bikin Kowa Ba

Balaraba, 'yar ƙanena, share hawayenki ki zauna. Na ji abin da ƙawayenki suka faɗa, wai tun da kika zama likita kin daina ganin mutane, har bikin aminiyarki sai a hoto kika gan shi. Na san ya yi miki zafi. Bari in ba ki misalin wani mutum, in ya so ki auna da kanki.

An yi wani likita a wani ƙaramin gari, shi kaɗai ne a asibitin, ga ƙauyuka kusan ashirin duk da shi suka dogara. Yana da wata ɗabi'a: ba ya tashi daga kujerarsa sai ya ga babu kowa a bencin ƙofar ɗakinsa. Ko bayan la'asar mutum ya iso, ba zai ce masa ya dawo gobe ba, don ya san irin tafiyar da ya sha. Shi kuwa benci ina ruwansa da Asabar ko Lahadi? Suna ya wuce shi, ɗaurin aure ya wuce shi, gaisuwar mutuwa ma sai an yi bakwai zai leƙa, a tsaitsaye. Dangi suka yi ta ƙorafi har suka gaji, suka daina aiko masa da goron gayyata. Matarsa kan tsokane shi ta ce duk garin babu tuwon da ya kai nasa shan ɗumame.

Da aka sa ranar auren 'yarsa, ita kaɗai Allah ya ba shi, sai tsoro ya kama shi. Kin dai san mutanenmu, wanda ka je wa shi ke zo maka. Ya waiwayi shekara ashirin da biyar, bai ga ƙofar da ya taɓa tsayawa aka shafa fatiha da shi ba. Dangin ango kuwa daga birni za su zo, da jama'arsu. Abin da ke cin ransa kar su tarar da ƙofarsa fayau, a ce yarinya ba ta da kowa, ta shiga gidan miji da wannan gori a kanta. Saboda kunya ya hana a kafa rumfa, ya ce tabarma huɗu ta isa, gara wuri ya yi kaɗan da a ga shimfiɗa ba mai zama.

Ranar ɗaurin aure ya sa babbar riga, yana gyara hula ke nan sai ga ɗan aike daga asibiti: an kawo mace kwana biyu tana naƙuda, ɗa ya zo a gicciye. Ya dubi ƙanensa, wanda dama shi ne waliyyi tunda uba ba ya ba da 'yarsa da bakinsa, ya ce su ɗaura kawai, kar a jira shi. Ya tuɓe riga ya fita. Da hantsi aka ɗaura, shi kuwa bai fito daga ɗakin tiyata ba sai bayan azahar. Uwa da ɗa suka rayu. Ya kamo hanyar gida jiki a sanyaye, don ya san taron ɗaurin aure: a shafa fatiha, a raba goro, kafin ka waiwaya kowa ya kama gabansa.

Yana shigowa unguwarsu sai ya ga hanya ta toshe da kekuna da babura da jakuna. An ɗaura aure tun ɗazu, amma ba wanda ya tafi. Tabarmi huɗun nan an bar wa baƙi, sauran jama'a na zaune a kan takalmansu cikin rana. Ba wanda ya gayyace su, labari ne ya bi kasuwannin ƙauye. Da suka hango shi sai suka miƙe suka jeru, ɗaya bayan ɗaya, yadda suka saba a ƙofar ɗakinsa. Na farko wani tsohon manomi ne. Likita ya riƙe hannunsa, sabo ya rinjaye shi, ya ce, "Baba, me ke damunka?" Wuri ya ɗauki dariya. Tsoho ya ɗage wando ya nuna wani dogon tabo a ƙwaurinsa, ya ce, "Yau kam lafiya ce ta kawo mu, likita. Ranar sunan ɗan yayarka ka ɗinke ƙafar nan. Ina kwance ina ji ana ta aiko maka, ka ƙi tashi. To ga ta, da kanta ta tako ta zo." Likita ya rufe fuska da hannun riga, ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Bai shiga gida ba sai da ya gaisa da na ƙarshe a layin, ana kiran magariba. Uban ango ya ce da waliyyi, "Mun zo ɗaukar 'yar mutum ɗaya, ashe 'yar gari guda aka ba mu."

Ba zan ce miki babu asara ba, 'yata. Har ya tsufa yana cizon yatsa bai ji fatihar 'yarsa da kunnensa ba. Saboda haka ranar hutunki ki je gidan aminiyarki ki ba ta haƙuri, kar ki ce aiki ya wanke ki. Amma gobe ki koma wa masu jiranki a benci da sakin fuska, ki daina ganin kamar zubar da kwanakinki kike yi. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.