Naman 'Yardada

Ɗantani mahauci ya shiga asibiti da 'yar kularsa a hannu, fuska a murtuke, surukansa na biye da shi. Bai gaida kowa ba. A can ɗakin tiyata ana yanke wa matarsa 'Yardada rabin tumbi, wurin da ciwon daji ya cinye.

Rigimar kuwa a kan abin da za a ciro ce. Likita Bahijja, wadda take duba ta, ta ce a bar mata shi. Tun makon jiya ta zaunar da su ta yi musu bayani dalla-dalla. A kowace ƙwayar halitta ta jiki, in ji ta, akwai wani ɗan aike da ake kira RNA, shi yake kai saƙon abin da za a gina. Akwai kuma wasu sinadarai, enzayim, masu yi wa saƙon gyara a hanya. In suka rikice, sai su riƙa gyara shi yadda daji zai ji daɗin yaɗuwa, wani lokacin har ya daina jin magani. A kansu take bincike. Ba ta yi alkawarin komai ba, amma ta ce sai an duba naman za a san inda ciwon ya kai da maganin da za a bi shi da shi. Kuma dole a daskarar da shi nan take, don RNA ya fi ɗanyen nama saurin lalacewa. Wannan ta ƙarshen dai Ɗantani ya gane ta sarai.

'Yardada ta ce ta yarda. Sai ga yayanta Malam Mikail daga Dala, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu. Ya ce a gidansu ko yatsa aka yanke wa mutum, naɗe shi ake a farin ƙyalle a kai maƙabarta, jikin ɗan Adam ba kayan gwaji ba ne. Likita ta ce akwai malaman da suka halatta, ya ce su suka sani. Ya rantse in aka riƙe ko ɗan tsinke daga jikin ƙanwarsa, zai kwashe ta da ɗinki da komai ya mayar gida, a koma wa saiwoyi. 'Yardada ta sunkuyar da kai. Ɗantani ya san halinta. Tun da ya aure ta bai taɓa jin ta yi wa Yaya musu ba, in ya ce tashi za ta tashi, ko da robar ƙarin ruwa a hannu.

To shi ma Ɗantani duk Jakara an san shi da kafiya, in ya ce farashin cinya kaza ne, ko ka kwana a gaban teburinsa ba ya ragi. Ya ƙudura a ransa babu mahalukin da zai fitar masa da mata daga asibitin nan. A gaban surukan ya bugi ƙirji, ya ce shi ne miji, shi zai karɓo, shi zai binne, kada wanda ya sa masa hannu. Malam Mikail, da bai taɓa kallonsa da daraja ba, ya ce yau kam ya yi abin kai.

Bayan azahar Likita ta fito ta ce aiki ya yi kyau. Ko rufe baki ba ta yi ba Ɗantani ya taso mata, har masu jinya suka fara leƙowa. Ta ce ya shigo ofis su yi magana. Ya shiga da kularsa ya banko ƙofa. Daga waje ba a jin komai sai muryarsa, yana ta faɗa kamar ana ciniki a kwata. Jim kaɗan ya fito yana share gumi, ita kuma ta wuce abinta ba ta kalli kowa ba.

Malam Mikail ya miƙa hannu zai ɗaga murfin kular. Ɗantani ya janye ta.

"Malam, cikin matata ne. Ko kai ba za ka gani ba."

Kunya ta kama dattijon, ya mayar da hannunsa aljihu.

A adaidaita sahu suka tafi maƙabartar gindin Goron Dutse, kula a kan cinyar Ɗantani, ya rungume ta tamau. Mai haƙa ya tona ɗan rami. Ɗantani ya fito da ƙunshin a naɗe cikin farin ƙyalle, ɗaure sama da ƙasa, ya sa da kansa, ya tura ƙasa da kansa. Surukan suka yi ta ba shi haƙuri. Malam Mikail ya tsaya a kan ramin ya yi addu'a mai tsawo. Da ya shafa, ya dafa kafaɗar Ɗantani ya ce ya janye maganarsa, 'Yardada ta zauna a asibiti har likitoci su gama abin da za su yi.

Da la'asar ta farka. Ba ta iya magana ba, da ido ta tambaye shi. Ya ce an binne, kuma Yaya ya ce ta zauna. Hawaye ya gangaro mata, ta koma barci. Ya zauna yana kallon yadda ta rame, ƙashin wuya duk a waje, sai a lokacin tsoro ya kama shi, tsoron rasa ta. Ya yi istigfari a ransa, amma wallahi bai ji nadama ko kaɗan ba.

Yana fitowa suka yi kiciɓis da Likita Bahijja a baranda. Ta duba hagu da dama, ta rage murya.

"Baba, ya shiga ƙanƙara a kan kari. Gobe za mu fara dubawa."

Ya gyaɗa kai ya wuce masallaci. Abin da Malam Mikail ya tsaya a kansa yana ta addu'a kuwa tumbin rago ne, Ɗantani ya yanka shi da hannunsa tun da safe kafin ya baro Jakara.