Fuskar Mai Wuƙa

Da hukuma ta gaji da ƙorafin ƙabilu a kan finafinai, sai ta kawo tabarau na sinima. Duk wanda ya sa, jarumi ɗan yarensu zai gani, mugu kuwa bare.

Ranar Asabar Tasalla ta ja mijinta Lamidi, Bayarabe, da 'yarsu Nafi, suka je sinima kallon fim ɗin 'yan ƙwacen waya na wata sakandaren 'yan mata ta Kaduna. Fim ya yi kyau, ba laifi. Sai dai duk sanda shugabar 'yan ƙwacen, wata mai wuƙa, ta buɗe baki, Tasalla Hausar surukarta take ji, ga tsage a kumatu iri ɗaya.

A cikin adaidaita ta ce, "Baban Nafi, ya ka ga yarinyar nan mai wuƙa?"

"Ta iya wasa," ya ce, idonsa a kan titi. Ta lura ya sauya wa wayarsa aljihu, zuwa gefen da ba ta zaune.

Nafi ta taɓa gwiwarta. "Umma, ni ina jin tabarau ɗina ya lalace. Da mai wuƙar da wadda aka soka, duk fuskata ce."