Fayil Ɗaya Tak

"Fayil ɗaya ne ya lalace, Hajiya," in ji mai gyara, "amma duk sauran a kansa suke jingine. Idan babu shi, kwamfutar ba za ta tashi ba."

Na gyaɗa kai. Haka gidanmu ya koma.

Ni na jawo. Kwana uku da rasuwar mijina na tarar da kwamfutarsa a kunne tana sabunta kanta. Ƙarar fankarta ta ishe ni, na fizge wayar daga bango. Tun ranar, sai baƙin allo da rubutu layi biyu. A cikinta kuwa akwai muryarsa yana karanta wa 'yarmu labari, kuma yarinyar ta fara tambayata yadda Abba yake magana.

Mai gyara ya tayar da kwamfutar ta filashi, 'yar ma'ajiyar da ya soka mata, ya kwafo lafiyayyen fayil ya maye gurbin lalataccen. Sau biyu tana ƙi. Ina zaune a benci, babu abin da na iya sai murza gefen mayafina.

A karo na uku allon ya yi haske.

"Alhamdulillah!" in ji mai gyara. "Saura kalmar sirri. Ajiyar maigidanki a kulle take, wannan kam ya fi ƙarfina. Amma ga abin da ya bari don tuna kalmar."

Na matso na karanta: "Ranar da na fara ganinki."

Shekara tara yana tsokanata cewa na manta ranar. Ni kuma kullum amsata ɗaya ce: "To ai kana nan, kai za ka riƙa tuna mana."