Da'irar da ke Ƙarƙashin Ƙugiya

"Malam Sambo, gaskiya ina jin tsoro," in ji Mudassir, yana duban ƙugiyar da za ta ɗora benen ƙarfe a kan rijiyar mai a tsakiyar teku.

Tun da aka kafa sabuwar doka, ƙugiya ba ta motsi sai wanda ya duba igiyoyinta ya tsaya cikin da'irar da aka zana a ƙarƙashin kayan. Yau Mudassir ne ya duba, ya kuma ga silin waya biyu sun tsinke a igiya ta huɗu.

Malam Sambo, shugaban aikin, ya yi dariya. "Sili biyu cikin ɗari uku? Haba ɗan difloma! Iska na tasowa, shiga mu gama."

Mudassir ya matsa bakin da'irar. Fentinta ɗanye ne, kuma har yau ba wanda ya gaya masa inda mai duba igiyoyin da ya gada ya tafi.

Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ban amince da igiya ta huɗu ba, kuma ba zan shiga ba sai an canza ta. Wanda ya amince da ita, ga da'ira nan."